Juri A Kotunanmu: Tarihin Da Ba Mu Sani Ba, Da Tambayar Da Ba Mu Yi

Jiya da dare a majalisarmu a nan Dutse, gardama ta kaure kan wata shari'a. Wani ƙanena ya buga ƙasa ya ce, "Yaya, da a Amurka ne juri za a sa, ba mutum ɗaya ya yanke ba." Na ce masa, ka san me ake nufi da juri kuwa? Ka san nawa ake biyansu? Shiru. Shi ya sa na ga ya dace in yi wannan rubutu.

Juri talakawan gari ne da ake zaɓo sunayensu ta hanyar ƙuri'a, a aiko musu da sammaci. A manyan laifuka a Ingila da kotunan tarayya na Amurka, mutum 12 ne. Za ka bar aikinka ka zauna ka saurari shaidu, an hana ka tattauna shari'ar ko da da matarka, an hana ka bincike a intanet. A ƙarshe ku kulle kanku a ɗaki ku yanke: ya aikata ko bai aikata ba. Alƙali nasa bayanin doka ne. Ƙin zuwa babu uzuri laifi ne. Su ne suka samu ɗan sanda Derek Chauvin da laifin kashe George Floyd a Afrilun 2021.

To mu fa? A Arewa ba a taɓa yin juri ba. Turawa sun kawo shi Legas, amma da suka ci ƙasar Hausa a 1903 sai Lugga ya bar shari'a a hannun alƙalai da sarakuna, ya dai hana wasu hukunce-hukunce kamar yanke hannu. A lokacin Dutse gunduma ce a ƙarƙashin Kano. Ƙaramar shari'a a gaban alƙali, babba irin ta kisan kai sai an kai kotun Sarkin Kano.

Amma kada a ɗauka alƙali shi kaɗai yake zama. Akwai muhuti, malamin da ke gefensa yana duba masa littattafan fiƙihun Malikiyya. Akwai kuma dattawan da ake kira a rikicin gona ko gado, su faɗi inda iyaka take tun zamanin kakanni. Kakana ya sha ba ni labarin yadda ake aiko dogari a kira shi kan iyakar gona, ya bar garmarsa ya tafi, ladansa "Allah ya yi albarka" da ƙwayar goro.

A 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Muhammad Abu Rannat. Daga shawararsu aka samu dokar Final Kot ta 1960 da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Ba a ɗauko juri ba. A 1967 soja suka soke kotunan sarakuna, aka kafa kotunan yanki a hannun gwamnati. Dokarsu ta yarda alƙali ya zauna da mashawarta, sai dai shawara kawai suke bayarwa, ba su da ƙuri'a a hukunci. Nan bambancin yake: juri yankewa suke, mashawarci faɗa yake a ɗauka ko a bari. Da aka ƙirƙiro Jigawa a Agustan 1991, da kuma dawo da shari'ar Musulunci a 2000, hukunci ya ci gaba da zama a hannun alƙali.

Yanzu maganar kuɗi, wadda masu kiran juri ba sa taɓawa. Kotun tarayya a Amurka dala 50 take biya a rana. Jihar Kalifoniya dala 15, shi ma sai daga rana ta biyu. A Ingila ba albashi ba ne, asarar da ka yi ake rage maka, iyakarta fam 64.95 a rana a kwana goman farko. A Gana, inda mutum 7 ke zama a manyan laifuka, 'yan juri sun sha yajin aiki saboda an riƙe musu alawus, shari'o'i suka tsaya, waɗanda ake tuhuma suka ci gaba da zama a kurkuku.

Ka ɗauko wannan ka kawo Kiyawa ko Birnin Kudu. A kira manomi ana tsakiyar noman damina a ce ya yi mako biyu a kotu. Wa zai yi masa noma? Wa zai biya masa kuɗin mota zuwa Dutse kullum? Ɗan kasuwar Shuwarin ya rufe rumfarsa, wa zai ciyar da iyalinsa? Idan gwamnati ba ta biya ba, wallahi akwai mai biya, kuma shi ne wanda ake tuhuma idan mai hali ne. Ga kuma zumunci. A garin da kowa surukin kowa ne, wa zai tsare ka bayan ka ce ɗan mai unguwa ya aikata?

Ni ba na adawa da talaka ya sa baki a shari'a, kakanninmu sun yi. Amma duk wanda ya ce a kawo juri, ya fara faɗa mana nawa za a biya, wa zai biya, kuma wa zai kare su. Kafin nan, mu fara neman a riƙa biyan shaidu kuɗin mota, a daina ɗage shari'a sau goma.

Allah ya ba mu adalan alƙalai. Me kuka gani?