Gidan Gambino: Sarautar da Ake Gado da Bakin Bindiga

Yau zan ɗan ja ku zuwa birnin New York na Amurka, mu duba tarihin gidan Gambino, ɗaya daga cikin gidajen Mafiya biyar na wannan birni. Ni ɗan 'yan kasuwa ne, kuma a kasuwa mun san shago yakan mutu ne ranar rabon gado. Abin da ya ja hankalina ke nan a tarihin mutanen nan: yadda kujerar maigida ke fita daga hannu zuwa hannu.

Da farko, idan an ce "gida" ba ana nufin 'yan uwa na jini ba. Ƙungiya ce ta masu laifi 'yan asalin Italiya, musamman tsibirin Sisili. Akwai maigida a sama, sai mataimakinsa, sai mai ba shi shawara, sai shugabannin rukuni, kowanne da yaransa. Yaro ya samo kuɗi ta caca, ko bashi da ruwa, ko tatsar masu shaguna, sai ya miƙa kason na sama. An tsara gidajen biyar ne a 1931, bayan yaƙin da aka gwabza tsakanin Joe Masseria da Salvatore Maranzano. A shekarar ne Lucky Luciano ya kafa majalisar iyayen gida, da dokar cewa ba a taɓa maigida sai da yardarta. Ku riƙe wannan doka, za ku ga yadda aka yi da ita.

Vincent Mangano ya riƙe gidan daga 1931, ƙarfinsa kuwa a tashar jiragen ruwa ta Brooklyn yake. A watan Afrilun 1951 aka tsinci gawar ɗan'uwansa Philip, shi kuma Vincent ya ɓace, har yau ba a ga gawarsa ba. Wa ya hau kujera? Mataimakinsa Albert Anastasia, wanda kowa ke zargi da aikin. Shekara shida kawai ya yi. Ranar 25 ga Oktoban 1957 yana zaune a shagon aski na otel ɗin Park Sheraton, 'yan bindiga suka shigo suka harbe shi. Wa ya gaje shi? Nasa mataimakin, Carlo Gambino, wanda aka yi imanin ya haɗa baki da Vito Genovese. Abin da mutum ya shuka dai shi zai girba.

An haifi Gambino a Palermo a 1902, ya shiga Amurka a ɓoye cikin jirgin ruwa a 1921. Mutum ne mara hayaniya, ba ya shigar ƙasaita, ba ya son a san da shi. A hannunsa gidan ya bunƙasa, ya kama harkar manyan motocin dakon tufafi, da kwasar shara, da ƙungiyoyin ƙwadago. Ya hana yaransa sayar da miyagun ƙwayoyi, kuma ba don tsoron Allah ba: ya san ɗaurin ƙwaya mai tsawo ne, wanda kuma ya hango shekaru talatin a kurkuku zai iya buɗe baki. Ya mutu a gidansa a Oktoban 1976 da ciwon zuciya.

To amma a wurin gado ya bar baya da ƙura. Ya tsallake mataimakinsa Aniello Dellacroce, wanda yaran titi ke ƙauna, ya ba Paul Castellano, ɗan'uwan matarsa. Duk wanda ya taɓa ganin an ɗauki shago an ba suruki an bar yaron da ya yi shekara ashirin yana bauta, ya san abin da ke biyo baya. Gida ya rabu biyu. Castellano ya shige katafaren gidansa a Staten Island yana harkar nama da kwangilar kankare, yana ganin kansa attajiri, yana kuma neman ƙarin kaso daga yaran da ba ya ko zuwa gani.

Cikin ɓangaren Dellacroce akwai John Gotti. Hukumar FBI ta naɗi muryar abokinsa Angelo Ruggiero yana zancen ƙwaya, wanda hukuncinsa a gidan kisa ne. Dellacroce ne ke tsare su, sai ciwon daji ya kashe shi ranar 2 ga Disamban 1985. Castellano ko gaisuwar mutuwa bai je ba. Bayan mako biyu, ranar 16 ga wata, aka bindige shi da sabon mataimakinsa Thomas Bilotti a ƙofar gidan cin abinci na Sparks. Gotti yana cikin mota a kusa yana kallo, kuma bai nemi yardar majalisa ba. A Afrilun 1986 aka rama da bam a mota, ya kashe mataimakinsa Frank DeCicco.

Gotti ya sha bamban da Gambino. Kwat mai tsada, murmushi ga 'yan jarida, ga tilasta wa manyan yaransa zuwa gaishe shi duk mako a kulob ɗin Ravenite, inda FBI ke ɗaukar hotonsu ɗaya bayan ɗaya. Sau uku yana tsallake shari'a, a ɗaya ma an gano cin hanci aka ba wani daga cikin masu yanke hukunci. An kuma dasa na'urar naɗar magana a ɗakin da ke saman kulob ɗin, aka kama shi a Disamban 1990. Mataimakinsa Sammy Gravano ya ji faifan da maigida ke sukarsa a bayan ido, sai ya koma shaidar gwamnati, ya amsa hannu a kisan mutum 19. A 1992 aka yanke wa Gotti ɗaurin rai da rai, ya mutu a tsare a 2002.

Ku lissafa da ni: Mangano, Anastasia, Castellano, Gotti. Uku an kashe, ɗaya ya ƙare a kurkuku, kuma kowannensu na cikin gida ne ya kai shi ƙasa. Fina-finai suna nuna mana amana da zumunci, amma ni a tarihin nan ban ga amanar da ta wuce ranar da riba ta ƙare ba. Kuma kada mu manta, waɗanda suka fara ɗanɗana kuɗarsu 'yan uwansu baƙi ne, masu ƙananan shaguna da 'yan dako a tashar ruwa, da suka je neman halak ɗinsu.

Allah Ya tsare mu da dukiyar haram. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.