Daga Cin Rani zuwa Tashin Gida: Ƙaurar Iyalai a Ƙasar Takieta

Takieta gari ne na mararraba. Yana kan babbar hanyar da ta taso daga Yamai, kimanin kilomita 50 kafin a shiga birnin Zinder, kuma a nan ne hanyar kudu take rabuwa ta nufi Matamaye, ta ƙetare iyaka a Ɗan Barto, ta bi Daura har Kano. Mutanen yankin sun daɗe da sanin tafiya. Abin da ya sauya shi ne waɗanda ke tafiyar da inda suke dosa, kuma a ganina tushen sauyin yana gona.

A tsohon tsari, da an gama kaka an ɗaure damma, magidanci da samarin gida sukan tafi cin rani Kano ko Katsina, su yi dako, ga-ruwa, gadi ko sayar da shayi. Mata da tsofaffi suna gida. Hikimar a fili take: an rage bakunan da ke cin rumbu, ga kuɗin haraji da sutura idan an dawo kafin ruwan shuka. Gida ba ya tashi ɗungurungum sai masifa ta kai maƙura, kamar yunwar 1913 zuwa 1914 ko farin 1984. Haka nan bayan Faransawa sun ci rundunar Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga a Tirmini a 1899, nauyin haraji da aikin dole, wanda ba a soke shi ba sai 1946, ya tura iyalai da yawa ƙasar da Ingilishi ke mulki. Kudu ake nufa, domin ruwan saman Kano ya kusa ninka na Zinder, harshe ɗaya ne, ga dangi da za su ba baƙo masauki.

Wannan tsari yana tsaye ne a kan sharaɗi guda: a samu gonar da za a koma wa. Sharaɗin nan ne yake rushewa. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna macen Nijar tana haihuwar 'ya'ya 7.6 a matsakaici, kuma kudancin jihar Damagaram na cikin wuraren da jama'a suka fi cunkushewa a ƙasar. Kowane rabon gado yana ƙara yanka gandu, har rabon mutum ya kasa ciyar da gidansa zuwa bazara. Daga nan sai jingina, daga jingina sai sayarwa. Magidancin da ya rasa gona ba shi da dalilin barin iyalinsa a baya, matar da mijinta ya daɗe bai aiko ba ita ma ba ta da abin jira.

A daidai lokacin kuma kudu ta rage albarka. Naira ta faɗi a gaban sefa, Najeriya ta rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yuli 2023 a Nijar. Tun kafin haka ma iyalai sun fara juyawa arewa, zuwa Agadas, Arlit da Tamanrasset ta Aljeriya. A Oktoba 2013 an tsinci gawar mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada arewa da Arlit, akasarinsu mata da yara, mafi yawa daga Kance, maƙwabciyar Takieta. Uwar da ta goya jariri ta shiga Sahara, ai ba sanyin iska take nema ba.

Ana cewa gasa ce ke kai mata, don sun ga wata ta dawo da kayan ɗaki ta yi gini. Akwai gaskiya a ciki, kuma cire yaro daga makaranta a kai shi bara zalunci ne da bai kamata a yi masa kwaskwarima ba. Amma martanin hukuma ya tsaya a kan hanya kawai: yarjejeniyar mayar da mutane da aka ƙulla da Aljeriya a 2014, sai dokar 2015 mai hukunta masu safarar baƙin haure, wadda aka soke a Nuwamba 2023. Motocin da ke kwaso mutane daga Assamaka, a kan iyakar Aljeriya, suna sauke su ne a kan matsalar da ta kore su, wasu kuwa su sake ɗaura kaya.

Takieta kanta tana da misalin abin da ya fi wannan amfani. Gandun dajinta mai kimanin hekta 6,700, wanda aka keɓe tun zamanin Turawa, ya lalace a lokacin da mutane ke kallonsa a matsayin kayan gwamnati. A ƙarshen shekarun 1990, da tallafin SOS Sahel, manoma da makiyaya suka kafa ƙungiyar Ku Tayani, hukuma ta ba su ikon kula da shi, suka tsara kiwo, yankan ciyawa, saran itace da cin zuma. Daji ɗaya ba zai riƙe gunduma guda ba, kuma bai warware ƙarancin gona ba. Sai dai ya samar da abin yi a watannin rani, watannin da gidaje ke yanke shawarar tashi. Irin wannan iko a kan itace, wuraren kiwo da fadamun noman rani shi ya kamata ƙananan hukumomin gundumar Takieta, wato Garagumsa, Dakusa da Tirmini, su nema wa mutanensu a rubuce, tare da sanya sunayen mata a cikin masu haƙƙi.