Wa Zai Biya Ɓarnar Akuya?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ranar Asabar da ta wuce, a layinmu na Hayin Banki, akuyar wani bawan Allah ta afka wa masarar da maƙwabciyarsa ta shanya a ƙofar gida. Kafin manya su fito, yara sun karya mata ƙafa da jifa. Mai masara na neman a biya ta, mai akuya na neman a biya shi. Wani dattijo kuwa cewa ya yi ai akuya ta ɗanɗana kuɗarta, magana ta ƙare. Maganar nan ta tsaya mini a rai, domin ma'anarta ita ce dabbar ce mai laifi, kuma an riga an hukunta ta.

Wannan tunani, ya kai mai karatu, ba sabo ba ne. A shekarar 1386, a garin Falaise na ƙasar Faransa, kotu ta yanke wa wata alade hukuncin kisa saboda ta halaka yaro, aka rataye ta a bainar jama'a. Kada mu yi saurin dariya. A watan Janairun 2009 'yan sanda a Jihar Kwara sun tsare akuya, bayan 'yan banga sun kawo ta da cewa ɓarawon mota ne ya rikiɗa.

Musulunci bai taɓa gurfanar da dabba gaban alƙali ba, saboda ita ba mukallafa ba ce. Tambayar malamai a kullum ita ce: igiyarta a hannun wa take? A Suratul Anbiya, aya ta 78 da 79, Allah Ya ba mu labarin tumakin da suka shiga gona cikin dare. Malaman tafsiri sun ce Annabi Dawuda (AS) ya miƙa tumakin ga mai gona, shi kuwa Annabi Sulaimana (AS) ya ga mai gona ya riƙe su yana amfana da nono da gashi, masu tumaki su yi ta gyaran gona har ta koma yadda take, sannan kowa ya karɓi abinsa. Duka hukuncin biyu a kan mutane suka faɗa. Haka a Madina, lokacin da taguwar Bara'u ɗan Azib (RA) ta yi ɓarna a lambun wani, Manzon Allah (SAW) ya ɗora tsaron lambu da rana a kan masu lambu, ɓarnar dare kuwa a kan masu dabbobi. Imamu Malik ya kawo wannan a Muwaɗɗa, Ibnu Abi Zaid (ya rasu 386 bayan Hijira) ya maimaita hukuncin a Risala, wadda muke karantarwa a Islamiyya.

To, a nan ne mai akuyarmu ya kafe: ai da rana ne. Sai dai ya karanta rabin mas'ala. Shehu Khalil a Mukhtasar ya gindaya sharaɗi: rangwamen rana na wanda ya saki dabbarsa nesa da gonaki ne, idan kuma akwai makiyayi tare da ita ya yi sakaci, biya na wuyansa. Wato hukuncin ya ginu ne a kan garin da yake da makiyaya ta daban, irin yadda magabatanmu suka ware burtali, irin kuma abin da gwamnatin Jihar Arewa ta nufa da dokar keɓe wuraren kiwo ta 1965, a nan Kaduna. Ina makiyaya a Hayin Banki? Daga ƙofa sai kwata, sai shanyar maƙwabci. A fahimtata, wanda ya kwance akuya a irin wannan lungu ya san abin da za ta ci.

Karya mata ƙafa kuwa zalunci ne tsantsa, ba ramuwa ba. Dabba ba ta da laifi, amma tana da haƙƙi. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ya ishe mu tsoro.

Abin da na faɗa a zauren mai unguwa ke nan. An yi sulhu a kan mai akuya ya biya mudu uku na masara, iyayen yaran su ɗauki kuɗin ɗori. Dattijon dai har yanzu bai gamsu ba.

Wallahu a'alam.