FULOTI A WUDIL: KUƊIN BIRNI, TAKARDAR ƘAUYE

Ku yi haƙuri, rubutun yau da ɗan tsawo.

Shekaranjiya wani abokina, malamin makaranta da ke haya a cikin Kano, ya kira ni ransa a ɓace. Mai gida ya sake ƙara masa kuɗin haya, shi kuma ya yanke shawarar ya tattara ɗan abin da ya tara ya sayi fuloti a Wudil, tun da a tunaninsa "ƙauye ne, ai da sauƙi". Dillali ya zaga da shi wurare uku ta wajen jami'a. Da aka faɗa masa kuɗi sai ya ɗauka wasa ake. Da ya tambayi takarda kuma, aka ce akwai sa hannun mai unguwa da shaidu biyu, shi ke nan. Ya ce da ni, "Malam, ta yaya fili zai yi kuɗin Hotoro amma takardarsa ta zamanin kakana?" Ya ɗan yi ƙari a zancen Hotoro, amma tambayar tasa tana kan hanya, kuma amsarta tana cikin tarihin garin.

Abin da ya fara yi wa Wudil daraja shi ne kogi. Ruwan Kogin Kano da na Calawa suna haɗuwa kafin su iso garin, su wuce ta nan su nufi Haɗeja. Duk mai fita daga Kano zuwa gabas, ko Gaya za shi, ko Birnin Kudu, ko Borno, sai ya ƙetare ruwan nan. Kafin a yi gada fito ake yi, kuma inda matafiyi zai tsaya jiran fito nan ake samun mai abinci, da mai masauki, da dillali. Kasuwar Juma'a da karar shanunta, wadda har yau motoci ke lodi daga cikinta zuwa Kudu, a kan wannan mahaɗa ta ginu. Ƙasar kuwa ta Joɓawa ce, zuriyar Malam Bakatsine na Utai, ɗaya daga cikin jagororin jihadi a Kano, kuma gidansu ne ke riƙe da sarautar Makaman Kano.

A wancan zamani baƙo ba ya zuwa da jakar kuɗi yana neman fili. Mai masaukinsa ne zai kai shi wajen mai unguwa, mai unguwa ya kai shi wajen dagaci, a tambayi daga ina yake, mece ce sana'arsa, wa ya san shi. In an gamsu a yanka masa wuri ya kafa gida, ya kai goro. Ba wai ba a sayar da gona ba ne sam. Ƙasar Kano mai cunkoso ce tun da can, an san saye, an san jingina, an san aro, an san gado. Amma abin da ke tsare maka mallaka mutane ne. Maƙwabcin gabas da na yamma sun san inda iyakarka ta tsaya, ga gamba ko cediya ko dutse a matsayin alama, ga dattawan da aka yi a gabansu. Rajistar tana cikin kawunan mutane, kuma tana aiki ne saboda kowa ya san kowa.

Turawa sun ci Kano a 1903. Bayan 'yan shekaru suka fitar da hakimai daga birni zuwa gundumomi, sannan a 1910 suka yi dokar da ta ce dukkan ƙasar Arewa tana ƙarƙashin ikon Gwamna, mutum haƙƙin zama da amfani kawai yake da shi. Sun kuma baza malaman taki suna auna gonaki. Amma a lura, awon nan don haraji aka yi shi, ba don a ba manomi shaidar mallaka ba. Wato tun farkon haɗuwar talaka da takarda a kan ƙasarsa, takardar ta zo karɓa ne, ba ta zo karewa ba. Ni a ganina wannan yana cikin dalilan da suka sa har gobe mutanenmu ke ɗari-ɗari da ofishin ƙasa. Gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta dokar a 1962 ba tare da ta sauya ginshiƙinta ba, sai kuma Obasanjo yana soja ya ɗauki kusan wannan tsari ya shimfiɗa wa Nijeriya duka a watan Maris na 1978.

Dokar 1978 ɗin nan ita ce ke kanmu har yanzu, don an cusa ta cikin tsarin mulki. Ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna amana. Wurin da aka ayyana birni ne, gwamna ke ba da satifiket, yawanci na shekara 99. Wurin da ba birni ba, ƙaramar hukuma ke ba da shaida. Mai satifiket in zai sayar ko zai jinginar, sai da amincewar gwamna. In kuma gwamnati ta buƙaci wurin don aikin jama'a, za ta karɓa, diyyar da doka ta tanada kuwa ta gini ce da shuka da abin da ka kashe a wurin, ba ta ƙasar kanta ba. Ku duba da kyau, a cikin wannan tsari babu inda aka ba mai unguwa ikon ba da mallaka. Sa hannunsa shaida ce mai ƙarfi cewa an yi ciniki, kuma kada wanda ya saya ba tare da ita ba, amma ba satifiket ba ce.

To sai kuɗi suka fara shigowa garin, kuma kusan duk abin da ya ɗaga farashi daga waje aka yanke shi. A 1991 aka ƙirƙiri Jigawa, Dutse ta zama babban birni, Wudil ta samu kanta tsakanin hedikwatoci biyu. A 1996 Makarantar Horar da Manyan 'Yan Sanda ta tare a mazauninta na Wudil, aka ɗaga ta zuwa mai ba da digiri a 2012. A 2001, zangon farko na Kwankwaso, aka buɗe Jami'ar Kimiyya da Fasaha, wadda aka mayar da sunanta na Aliko Dangote a zamanin Ganduje. A 2006 aka ba da kwangilar mayar da titin Kano zuwa Maiduguri tagwaye, aikin da ya ci shekaru kamar ba zai ƙare ba. Ƙidayar shekarar ta ba ƙaramar hukumar mutum sama da dubu 185, kuma duk wanda ya san garin ya san an wuce nan nesa.

A cikin waɗannan, jami'a ce ta fi sauya lissafi. Ɗalibi ba ya sayen fili, amma yana kama ɗaki, kuma yana biyan shekara gaba ɗaya. Da masu kuɗin Kano suka gane ɗaki goma a jere ya fi gonar gero kawo kuɗi, sai gonakin gefen gari suka fara zama fulotai. Ga yadda ake yi: dillali ya sayi gona daga magada, ya zo da igiya da turaku, ya yanka hamsin-hamsin, ya bar ɗan lungun da mota ɗaya ke wucewa da ƙyar, babu wurin makaranta, babu magudanar ruwa, ya karɓi la'adarsa. Shi ne awon igiya. Ba na zagin dillalai, wallahi, don su suka cike gurbin da hukuma ta bari. Da awon gwamnati ya rigaye su isa gonakin, da ba haka unguwannin suka fito ba.

Wanda abin ya fi ci shi ne ɗan gari. Gonar da kakansa ya noma an raba ta gado, 'yan'uwa goma sha, kason kowa bai isa noma ba, sai a ce a sayar a raba kuɗi. Kuɗin ya tafi a aure da jari da asibiti. Bayan shekara biyar yana neman fuloti ɗaya a cikin gonar tasu, kuɗinsa bai kai ba. Na san gida fiye da ɗaya da haka ta faru.

Wani zai ce ai akwai Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake yankar wa ma'aikaci kashi biyu da rabi na albashi dominsa. Haka ne. Amma bankin ba ya karɓar takardar mai unguwa a matsayin jingina, ga kuma batun kuɗin ruwa da da yawanmu ba za su taɓa ba. Shi ya sa gidan Bahaushe da adashi ake gina shi: bana fili, baɗi bulo ɗari biyar, a yi shekara bakwai ana kallon kango. Sai ga cire tallafin mai a Mayun 2023, ga buhun siminti da ya haura naira dubu goma a farkon 2024. Wanda ya yi lissafin zai zauna a Wudil yana zuwa aiki Kano kullum, tafiyar kilomita arba'in da wani abu, dole ya sake zama da biro, don abin da ya tsira daga haya zai iya ƙarewa a tasha.

Sai kogin, wanda da shi aka fara. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Calawa a 1992, ruwa ya daina hauhawa kowace damina yadda ya saba, mutane suka saki jiki suna gini a fadamar da iyayensu ba su taɓa kwana a cikinta ba. Ambaliyar 2001 ta tuna wa mutanen Wudil cewa ruwa bai manta hanyarsa ba. Fili mai arha a kusa da kogi, akwai dalilin arharsa.

Abin da na ce wa abokina ke nan. Kada ya duba fili da rani, ya bari sai Agusta ya je da ƙafarsa bayan an yi ruwa mai ƙarfi. In gonar gado ce, ya ga magada duka, har da mata da waɗanda ke zaune a wani gari, don a fiƙihun Malikiyya abokin tarayya a dukiyar da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, zai iya biyan kuɗin ya karɓe wurin. Ya je sakatariya da KANGIS ya tambaya ko wurin yana cikin wani awo ko hanyar da aka tsara. Ya ce duk wannan wahalar a kan hamsin-hamsin? Ya dai ce zai koma ranar Juma'a, in ya gama da dillalin ya biya ta bakin gada ya taho min da kifi.