Gwamnatin Ɗaki

Kafin 1968, gidan yari a ƙasar Zazzau na En'e ne. Yari ke riƙe da makulli a ƙarƙashin Sarki, kuma wanda alƙalin Ikara ko na Makarfi ya ɗaure, galibi ɓarawon akuya ne, ko wanda ya fasa wa maƙwabci kai saboda iyakar gona. An san ubansa, an san garinsu. Bayan rahoton kwamitin Gobir ne gwamnatin tarayya ta karɓe gidajen duka, aka fara yawo da fursuna da gandiroba daga wannan gari zuwa wancan.

Mu da muka shiga aikin gandiroba bayan haka, abin da tsofaffi suka fara koya mana shi ne ikonka yana ƙarewa a bakin ƙofa. Da zarar an kulle da yamma, ɗaki ya koma hannun masu shi. Akwai shugaban ɗaki, wanda a manyan gidaje ake ce wa furobos, da alƙalinsa da ɗan sandansa, har da mai kula da bokitin bahaya. Sabon shiga zai tsaya a tsakiya ya faɗi abin da ya kawo shi, ya biya kuɗin shiga, in ba shi da ko sisi ya biya da rabin gabzarsa. Makwancinsa na farko kusa da bokiti ne, a hankali yake matsawa wajen taga. Mu muka bar tsarin nan ya yi ƙarfi, don gandiroba biyu ba za su iya da mutum ɗari cikin dare ba. In ɗaki ya kwana lafiya, babu mai tambayar yadda aka yi.

Masu karatu sukan tambaye ni ko muna da irin ƙungiyoyin Burazil, kamar PCC da aka kafa a kurkukun Taubate a 1993, ko 'yan 26 da 27 da 28 na Afirka ta Kudu masu rantsuwa da muƙamai irin na soja. A iya abin da na gani a Arewa, namu ba su kai nan ba. Ba ƙungiya ake kafawa a ciki ba, sanayya ake ƙullawa, ita kuwa ta fi wuyar kamawa.

Ƙananan gidaje irin na Ikara da Makarfi na masu gajeren wa'adi ne, manyan laifuka Zariya da Kaduna ake kai su. Matsalar tana wajen masu jiran shari'a, waɗanda su ne kusan kashi biyu cikin uku na fursunonin ƙasar nan. Yaro daga Hunƙuyi da aka kama da babur ɗin sata, aka rasa mai tsaya masa beli, sai ya shekara biyu tabarmarsa na gogar ta ɗan fashi. Ɗan fashin ne zai saya masa sabulu, ya hana a dake shi, ya yi masa alkawarin lauya. Abin da yake so a wurinsa kaɗan ne: wane attajiri ne ke dawowa da kuɗin rake ranar kasuwa, wace hanya masu shanu ke bi. Ranar da aka sallami yaron, ya fita da lambar waya a kansa da bashin alheri a wuyansa.

Wayar salula ce ta sauya komai bayan 2001. A wani gida da na yi aiki, mun taɓa ciro ƙaramar waya daga tsakiyar malmalar tuwo, an naɗe ta da leda, layinta kuma an ɗinke shi a bakin wando. Wasu wayoyin ma ba ta kwanon abinci suke shiga ba, a aljihun kaki suke shiga. Tun daga nan wanda ke kulle ya iya aika saƙo daji.

Sai kuma aka zuba mana masu aƙida a cikin masu laifi. A Satumban 2010 Boko Haram ta fasa gidan yarin Bauci, mutum fiye da 700 suka fita. A Yulin 2022 aka fasa na Kuje, ƙungiyar ISWAP ta ce ita ce ta fasa shi. Mai wa'azi a ɗaki ya fi furobos haɗari, domin shi ba kuɗin shiga yake karɓa ba, mubaya'a yake nema, kuma yaron da ya gaji da jiran alƙali yana da kunnen saurare.

Dokar 2019 da Shugaba Buhari ya sa wa hannu ta mayar da sunan wurin gidan gyaran hali, ta kawo hukuncin aikin al'umma maimakon ɗauri, ta kuma ba da ikon ƙin karɓar sababbin mutane idan gida ya cika. Dokar ta yi kyau. Amma in ɗan sanda ya iso da magariba, da takardar kotu a hannu da mutum biyar a bayan mota, ɗakin masu jiran shari'a kuma guda ɗaya ne, ina za ka kai su?