Scratch: Manhajar da malamai da yara ke tsara darasi da ita

Scratch wata manhaja ce ta kwamfuta da aka ƙirƙiro domin yara 'yan makaranta da malamansu su iya tsara nasu ƙananan shirye-shirye, kamar wasan tambaya da amsa ko tatsuniya mai hotuna masu motsi, ba tare da sun yi dogon karatun ilimin kwamfuta ba.

Wasu masu bincike a cibiyar fasaha ta MIT da ke jihar Massachusetts a Amurka ne suka fito da ita a shekara ta 2007, a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mitchel Resnick. Kyauta ake samunta, kuma an yi ta ne musamman domin yara 'yan shekara 8 zuwa 16. An fassara ta zuwa harsuna fiye da 70, ciki har da Larabci da Swahili.

Asalinta

Koyarwa da kwamfuta dai ta girmi Scratch nesa ba kusa ba. Tun a shekara ta 1960 Jami'ar Illinois ta fara wani tsari mai suna PLATO, inda na'ura ke yi wa ɗalibi tambaya, ya amsa, ta duba. A nan na'urar ce malama.

Wanda ya juya lamarin shi ne Seymour Papert, masanin lissafi haifaffen Afirka ta Kudu, wanda ya yi aiki a birnin Geneva tare da Jean Piaget, masanin yadda tunanin yara ke girma. A shekara ta 1967, shi da Wally Feurzeig da Cynthia Solomon suka ƙirƙiro harshen kwamfuta mai suna Logo, wanda ya yi suna saboda kunkurunsa mai zane.

Yaro zai umarci kunkurun ya yi gaba taku 100, ya juya dama digiri 90, ya maimaita sau 4, sai ga murabba'i. Idan ya sa 80 a maimakon 90, zanen ba zai haɗe ba, dole ya koma ya nemo inda ya kauce. A ra'ayin Papert, a wurin wannan neman ne ake koyo, domin yaron ne ke koya wa na'ura. Farfesa Resnick ɗalibinsa ne.

Yadda ake tsara darasi

A Scratch ba a rubuta umarni harafi bayan harafi. Umarnin yana zuwa ne a siffar tubala masu launi da ake jawowa a ɗora wani kan wani, kuma tubalin da bai dace da gurbi ba ba zai shiga ba. Wannan ya kawar da kuskuren rubutu da kan sa sabon shiga ya karaya.

Misali, malamar da ke son ɗalibanta su ƙware a jadawalin sau za ta sa tubalin da ke zaɓo lambobi biyu tsakanin 2 da 12, da wanda zai sa magen da ke kan allo ta yi tambaya ta jira amsa. Na uku zai gwada amsar, idan daidai ce a ƙara maki. Sai ta kewaye su duka da tubalin maimaitawa sau 10.

Wannan kashin aikin ba shi da wuya. Inda gizo ke saƙar shi ne abin da shirin zai yi idan yaro ya kuskure.

A ce an tambayi 7 sau 8. Yaron da ya rubuta 54 hadda ce ta kufce masa. Wanda ya rubuta 15 kuwa tarawa ya yi, wato bai ma fahimci abin da ake nufi da sau ba. Shirin da zai ce wa dukansu "ba daidai ba" kawai, alƙalanci ya yi, bai koyar ba. Mai kyau shi ne wanda zai gane cewa 15 jimlar lambobin ce, ya jera wa yaron goro takwas-takwas a layi 7 ya ƙirga. Na'ura ba ta san wannan bambanci ba sai wanda ya taɓa tsayawa gaban aji ya faɗa mata.

Ga mai tsara darasi da Hausa akwai kuma wani tarko. Kwamfuta na ɗaukar "ƙasa" da "kasa" a matsayin kalmomi daban, don haka yaron da ya san amsa amma bai samu harafi mai ƙugiya a na'urarsa ba zai iya faɗuwa, sai dai in an tanadi karɓar duka biyun.

A shekara ta 2014 an fitar da ScratchJr domin yara 'yan shekara 5 zuwa 7, sannan aka sabunta Scratch ɗin kanta a 2019. Akwai kuma wadda ake saukewa a yi aiki da ita ba tare da intanet ba.

Na'ura kaɗai ba ta isa ba

Najeriya ta taɓa ɗanɗana irin wannan tunani. A shekara ta 2005 Nicholas Negroponte, shi ma na MIT, ya sanar da shirin bai wa kowane yaro kwamfutar tafi-da-gidanka a kan dala 100, ɗauke da manhajoji masu bin sawun Logo. A 2007 an gwada shirin a makarantar firamare ta Galadima da ke gefen Abuja.

Sai dai farashin ya kusa ninkawa, kuma babban cinikin da aka sa ran gwamnatin Najeriya za ta yi bai tabbata ba. Ministan ilimi na lokacin ya nuna shakku kan raba kwamfutoci ga yaran da ba su da ko kujerun zama.

Ƙasar Peru kuwa ta sayi dubban ɗaruruwan na'urorin. Wani bincike da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya wallafa a 2012, kan makarantun karkara 319, ya gano cewa yaran sun ɗan samu ci gaba a gwajin kaifin tunani, amma makinsu a lissafi da harshe bai ƙaru ba.