Kurni da Zuriyoyin da Suka Sari Dajin Ƙasar Kance

Duk wanda ya zauna Yamai ko Maraɗi ya san abin da ke fara fitowa daga bakin mutane in an ambaci ƙasar Kance: matan da ke tafiya bara Aljeriya. Tun watan Oktoban 2013, lokacin da aka tsinci gawa 92 a hamadar da ke arewa da Arlit, akasarinsu mata da ƙananan yara, mafi yawansu kuma daga wannan yanki namu, sunan Kance da Matamaye da Kurni ya maƙale da wannan masifa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Sai dai ƴan jarida da ma'aikatan ƙungiyoyi masu zuwa da farar mota, su yi wuni guda su koma, sun mayar da mu mutanen da ba su da tushe, wai talauci ne kawai ya tara mu a bakin iyaka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ne kuma ya san wanda ya kafa ɗakin.

Kurni tana kudu da Matamaye, kusa da iyakar Najeriya, kuma tana ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi tara, wato komin, na gundumar Kance, tare da Matamaye da Kance da Ɗan Barto da Tsauni da Yawuri da Dungu da Daushe da Ishirnawa. A takarda, komin ɗin jiya aka haife ta. Dokar 2002 ce ta yanka ta daga tsohuwar ƙasar Sarkin Kance, aka yi zaɓen kansiloli na farko a 2004. Wanda ya ɗauki wannan shekara a matsayin mafarin Kurni ya ƙidaya shekarun hatimi ne, bai ƙidaya na rijiya ba.

A ƙasar nan da rijiya da gatari ake lissafin asali. Ka zauna da dattawan kowane gari daga Kurni har Tsauni, za ka ji labarin kafuwar garin yana bin sawu ɗaya. Maharbi ne ya fara kwana a dajin, ya ga inda ruwa ke kusa, ya koma ya kira ƴan'uwansa. Aka haƙa rijiya, aka sari daji, aka kafa gida da shinge. Wanda ya fara sara shi ne mai ƙasa, kuma daga zuriyarsa ake fitar da mai gari, ko kuwa in sarauta ta kuɓuce musu, a bar musu girman tsufa da shawarar abin da ya shafi gona da ruwa. Wanda ya zo daga baya sai ya nemi izni, a nuna masa gefen da zai sara. Waɗannan mutanen farko Anna ne, masu bautar gargajiya, irin waɗanda a Kano da Katsina ake ce wa Maguzawa. Kowace zuriya da sana'ar da ta gada, noma ko farauta ko ƙira, da abin da ba ta ci, da askar da wanzami ke yi wa jaririnta ranar suna. Yau jikokinsu Musulmi ne, cikinsu akwai limamai da alarammomi, kuma da yawa ba sa son a tuna musu wannan babi. Ni a ganina babu abin kunya a ciki. Tushiya masomin dawa, kuma wanda kakansa ya haƙa rijiyar da gari ke sha ba ya buƙatar aron kaka daga wani wuri.

Aron kaka kuwa ya yi yawa, kuma kusan duk daga Daura ake aro shi. Ba za ka rasa gidan da zai ce maka kakansu ɗan sarkin Daura ne da ya nemi sarauta ya rasa, ya yi fushi ya yiwo arewa da doki da bayi. In da za a tara duk waɗannan ƴaƴan sarki da aka ce sun yi fushi, da fadar Daura ba ta ɗauke su ba. Amma ruwa ba ya tsami banza. Daura ta fi Damagaram kusa da Kurni nesa ba kusa ba, kuma kafin ƙarni na 19 ƙasar Kance a ƙarƙashin Daura take. Labarin Bayajida da rijiyar Kusugu da Daurama da Bawo, wanda aka ce daga gare shi sarakunan Hausa Bakwai suka fito, namu ne kamar yadda yake na mutanen Zango da Mai'aduwa. Harshenmu ma shaida ne, don Hausar tsofaffinmu da ta ƙauyukan Daura ba ka raba su.

Abin da ya cika ƙasar nan da Daurawa sananne ne. A farkon jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, wajen 1805, Malam Isiyaku ya karɓi tuta ya ci birnin Daura, sarkin Haɓe na Daura, Sarkin Gwari Abdu, ya fita da jama'arsa. Gidan sarautar Haɓe bai mutu ba. Ya yi ta ƙaura yana neman mazauni, ta Yekuwa da Yardaji, daga baya ya rabu, wani reshe ya zauna Zango, wani Baure. Aka wayi gari akwai Daura uku, ta Fulani a birni da biyu na Haɓe a gefe, kowacce tana cewa ita ce ta gaskiya. Sarki ba ya gudu shi kaɗai. A bayansa akwai fadawa da makaɗa da maƙera da malamai, akwai kuma talakawan da yaƙi ya tayar daga gonakinsu, waɗanda suka fi kowa yawa. Saboda haka in Bakurne ya ce kakansa daga Daura ya fito, yawanci gaskiya ya faɗa. Inda nake ja da shi shi ne rawanin da yake ɗora wa kakan. Manomin da ya ɗauko iri a burgami da iyali a kan jaki ya zo ya sari sabon daji, shi ya fi cancanta a yi alfahari da shi, don gonarsa har yau tana ciyar da mutane.

Su kuma mutanen Damagaram suna da tasu hujja, kuma ba ta wasa ba ce. Sun ce ƙasar Kance da takobi suka same ta, su suka tsare ta daga Fulanin Kano da na Daura, kuma ƴan gudun hijirar Haɓe a inuwarsu suka fake. Haka ne. A ƙarni na 19 Damagaram, wadda ita kanta tana bin Borno, ta yi ƙarfin da ta shanye maƙwabtanta na kudu, musamman a zamanin Sarki Tanimu, wanda ya yi wa birnin Zandar ganuwa, ya sa aka ƙera masa manyan bindigogi, ya rasu a 1884. Amadu Kuran Daga ma ya kai yaƙi har Gezawa, a ƙofar Kano, a 1898. Haraji da gaisuwa sun koma arewa, wakilan sarki da Barebari ƴan kasuwa da malaman tsangaya suka shigo, wasu suka yi aure suka zauna. Ana ba da labari cewa Tanimu ya hana saran gawo, ya sa hukunci mai tsanani a kan wanda ya sare shi, kuma har gobe Matamaye da Magariya da Mirya su ne aka fi sani da yawan gawo a gonaki. To, wa ke da Kurni, Daura ko Damagaram? Hukuncina shi ne jini da harshe sun fi karkata Daura, mulki na Damagaram ne tun kafin Bature, ƙasa kuwa ta waɗanda suka sare ta ce, kuma sun riga rigimar duka biyun.

Akwai Fulani, waɗanda suka zo da shanu suka kafa ruga a bayan gari, aka yi musayar taki da hatsi har rugar ta zama unguwa mai hardonta. Akwai Buzaye, waɗanda suka biyo ayarin gishirin Abzin da ke ratsa Damagaram zuwa Kano, suka sauka suka kama noma. Zamansu ya bambanta da na Hausawa, kuma mai ido yana iya ganewa ko daga nesa. Bahaushe gari yake yi a dunƙule, gonaki su kewaye shi. Buzu kuwa gonarsa doguwa ce siririya, ta maƙwabcinsa na kwance a gefenta, bukkarsa da turken dabbobinsa a cikin gonar, yana matsar da su gaba kaɗan-kaɗan don taki ya game ko'ina. Bafaranshen nan Guy Nicolas, wanda ya yi bincike a ƙasar Kance, ya rubuta kan ƙauyen Tasau Hausa a 1960, bayan shekara biyu kuma ya rubuta kan wani ƙauyen Buzaye da wannan tsari nasu. Sauran unguwanni, na mahauta da majema da zuriyar waɗanda yaƙi ya kawo ba da son ransu ba, su ma suna nan, an yi auratayya, an zama ɗaya.

Sai Bature ya zo. Faransawa suka ci Damagaram bayan yaƙin Tirmini a 1899, Ingilishi suka kama Kano a 1903, suka kuma mayar da gidan Haɓe kan gadon Daura ta hannun Sarki Musa. Tsakanin 1906 da 1908 Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee suka bi daji suna kafa tangarahon shata iyaka, Daura ta faɗa Ingilishi, Kance ta faɗa Faranshi. Ba a tambayi kowa ba. Wa ya kwana a wata ƙasa, ƙanensa a wata, gonar gandu ɗaya ta rabu biyu. Daga nan zuriyoyi suka koyi wasa da iyaka. In aikin dole da ɗibar soja da haraji sun yi zafi a Faranshi, gida guda sai ya tashi da dare ya koma wurin dangi a ƙasar Daura ko Kazaure, in an sassauta wasu su dawo, wasu su zauna ke nan. Yunwar 1913 zuwa 1914 ta kwashi mutane ta watsa, haka ta 1973 da ta 1984, wadda ta zo daidai da rufe iyakar da gwamnatin Buhari ta yi. Shi ya sa babu zuriyar Kurni da za a lissafa ta cika ba a ƙetara Kwangwalam ba. Zumunta a ƙafa take, kuma ƙafar ba ta daina tafiya biki da jana'iza da kasuwar Mai'aduwa ba, ko a rufewar iyaka ta 2019, ko a takunkumin 2023.

Mai cewa wannan lissafin kakanni hirar tsofaffi ce, bai taɓa zama wurin shari'ar gona ba. Ana fita da hantsi, mai gari a gaba, masu ƙara biyu da shaidunsu a baya. A tsaya a kan layin gamba da ya raba gonakin. Sai a kira dattijon da ya fi kowa shekaru, ya dogara sanda ya fara: wane ne ya sari nan, daga kukar can zuwa gawon nan. Ya haifi wane da wane. Da wane ya tafi cin rani bai dawo ba, sai aka ba wane aro, aro ne ba kyauta ba, shi ya sa duk kaka yake kai dami. In tsohon ya yi tuntuɓe a suna ɗaya, gona ta tafi. In babu tsohon, sai rantsuwa da Alƙur'ani, abin da kowa ke tsoro, sai kuma gaba tsakanin ƴaƴan wa da ƙane har jikoki. Dokar filayen karkara ta 1993 ta kawo kwamitocin da ake kira Kofo don su ba da takardar shaidar gona, amma takardar ma a kan bakin dattijo take dogara.

Ga shi kuma gonar sai ƙanƙancewa take. Ƙidayar 2012 ta sami mutum kusan dubu 400 a gundumar Kance, kuma ƙasar na cikin waɗanda suka fi cunkoso a duk Nijar. Dajin da za a sara ya ƙare tuntuni. Gandun da a da ke hannun babban wa, kowa na noma tare yana da gayaunarsa a gefe, yanzu an raba shi gado bayan gado, har magidanci mai ƴaƴa goma ya tashi da abin da ba zai ciyar da shi wata uku ba. Gyaɗar da ta sa aka kafa kamfanin mai a Matamaye, aka kafa kamfanin cinikin gyaɗa na SONARA a 1962, ta zama labari. Raken fadamun Korama ba kowa ke da rabo a cikinsa ba. Wannan shi ne ainihin abin da ya kai mata hanyar Asamaka da Tamanrasat, kuma jikokin masu saran daji ne, ba marasa asali ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda muka bar tarihin nan a sake. Landeroin, tafintan tawagar Tilho, ya rubuta jerin sarakuna. André Salifou ya rubuta tarihin Damagaram a 1971, M. G. Smith ya rubuta na Daura a 1978. Duk aiki ne mai kyau, amma na fada ne. Sunan maharbin da ya fara kwana a daji, da na matar da aka auro daga Zango ta haifi rabin unguwa, suna cikin kan tsofaffi da bakin maroƙa, su kuwa kullum raguwa suke. An daina aska, kuma ban ce a dawo da ita ba, amma yaron yau ba ya iya duban fuskar kakarsa ya ce ga zuriyar da ta fito. Ɗan lakwal a Kurni zai lissafa maka shugabannin ƙasa tun daga Diori Hamani, ka tambaye shi sunan kakan kakansa ya yi shiru.

Ina kira ga hukumomin komin ɗin Kurni da masu garuruwa da hardo-hardo da limamai, su sa a bi gari-gari a rubuta wanda ya haƙa rijiyar farko, da wanda ya sari wace gona, da inda kowace zuriya ta fito, har da ɓangaren uwa da aka saba tsallakewa. A rubuta da boko da ajami, a ajiye kwafi a ofishin magajin gari da fadar Sarkin Kance. Ɗaliban tarihi na jami'ar Damagaram da cibiyar bincike ta IRSH da ke Yamai su zo su taimaka. Ku kuma ƴan Kurni da ke Kano da Agadas da Legas, in kun zo gida Sallah, ku zauna gaban tsoho ku kunna wayar da ke aljihunku, ku tambaye shi tun yana iya ba ku amsa.